Babi na Takwas: Sanarwar Waya, Inda Take Maƙalewa, da Yadda Ake Gane an Goge Manhaja

Sanarwar da ke faɗowa a fuskar waya, ko alat ɗin banki ne, ko saƙon WhatsApp, ko labarin da wata kafar yaɗa labarai ta turo, ba kai tsaye take zuwa daga kamfanin da ya aiko ta ba. Sai ta ratsa hannu huɗu. Na farko shi ne sabar kamfanin da ke da manhajar, wato babbar kwamfutar da ke shirya saƙon. Na biyu sabar Apple ko ta Google. Na uku tsarin da ke tafiyar da wayar, Android ko iOS. Na huɗu ita manhajar kanta. A kowane hannu sanarwa tana iya yin jinkiri, tana iya salwanta, kuma galibi wanda ya miƙa ta bai san abin da ya same ta a gaba ba. Gyaran matsalar sanarwa da gane cewa an goge manhaja duk sun dogara ne a kan fahimtar wannan hanya, da sanin abin da kowane hannu zai iya faɗa da abin da ba zai iya ba.

Hanyar da sanarwa ke bi

Batir ne ya jawo wannan doguwar hanya. Da kowace manhaja za ta riƙe nata layin intanet a buɗe dare da rana tana dakon saƙo, da waya mai manhaja hamsin ba ta kai azahar da caji ba. Saboda haka aka tsara cewa waya ta riƙe layi ɗaya tak zuwa sabar Apple ko ta Google, duk manhajoji su riƙa karɓar saƙonninsu ta cikinsa. Apple ya fito da nasa tsarin, mai suna APNs, a 2009 tare da iPhone OS 3. Google ya fara da C2DM a 2010, ya maye gurbinsa da GCM a 2012, sannan a 2016 ya kawo FCM, bayan ya sayi kamfanin Firebase a 2014. FCM ne ke kai sanarwa ga wayoyin Android masu ɗauke da hidimomin Google. Yana kuma iya karɓar saƙon da za a kai wa iPhone, amma a ƙarshe sai ya miƙa shi ga APNs, domin babu wata ƙofar shiga iPhone in ba ita ba.

Adireshin da ake aika saƙo gare shi ana kiransa tokin. Jerin haruffa ne da lambobi mai tsawo, wanda Apple ko Google ke bai wa manhaja ɗaya a kan waya ɗaya idan ta yi rajista. Manhajar ce ke da alhakin aika wannan tokin ga sabar kamfaninta domin a adana shi. Tokin ba lambar waya ba ne, ba kuma abu ne na dindindin ba. Yana canzawa idan aka goge manhaja aka sake saukewa, ko aka share bayananta a saiti, ko aka kwashe kayan tsohuwar waya zuwa sabuwa. Kamfanin da bai sabunta tokin da ke hannunsa ba zai ci gaba da aika saƙo zuwa adireshin da ba kowa.

Saƙon kansa ƙarami ne. A farkon APNs bai wuce bayit 256 ba. A yau Apple da Google sun tsayar da iyakar saƙon sanarwa a bayit 4096. Shi ya sa hoto ko dogon rubutu ba ya tafiya a cikin sanarwa: ana sa adireshinsa ne kawai, waya ta je ta ɗauko.

Abu mafi muhimmanci a wannan mataki shi ne ma'anar amsar da sabar kamfani ke samu. Idan ta miƙa saƙo, Apple ko Google kan mayar mata da lamba 200, wato an karɓa. Wannan amsa daidai take da rasidin gidan waya: tana nuna an karɓi wasiƙa a kanta, ba ta nuna ta shiga hannun mai ita ba. Kamfanonin biyu ba su yi alkawarin cewa kowace sanarwa za ta isa ba, iyakar ƙoƙari kawai suka yi alkawari. Yawancin ruɗanin da masu gina manhaja ke shiga ya samo asali ne daga ɗaukar lamba 200 a matsayin shaidar isarwa.

Matsalolin da ke tasowa daga wajen mai aikawa

Nan ne bincike ya fi sauƙi, domin kuskuren yana dawowa a rubuce. Sharaɗin kawai shi ne a riƙa adana kowace amsa da sabar Apple ko ta Google ta bayar.

A ɓangaren Apple, saba tana tabbatar da ko ita wace ce ta hanya biyu. Ta farko satifiket ne, wanda ke ƙarewa bayan shekara ɗaya. Idan sanarwa ta ɗauke wa dukan masu iPhone a rana ɗaya ba tare da an taɓa komai ba, ranar ƙarewar satifiket ce abin dubawa na farko. Hanya ta biyu mabuɗi ne wanda ba ya ƙarewa, amma sa hannun da ake ƙirƙira da shi dole a sabunta shi kafin ya cika awa ɗaya, kuma ba a son a sabunta shi fiye da sau ɗaya a minti 20. Wanda ya tsufa yana jawo amsa 403 mai ɗauke da dalilin ExpiredProviderToken. Akwai kuma tarkon da ke kama sababbin shiga: APNs gida biyu ne, na gwaji da na aiki. Manhajar da aka ɗora a waya kai tsaye daga kwamfutar mai gini tana samun tokin na gidan gwaji, wadda aka sauke daga App Store ko TestFlight, wato manhajar Apple ta raba ginin gwaji, kuwa tana samun na gidan aiki. Idan aka aika tokin na wannan gida zuwa wancan, amsar ita ce 400 da dalilin BadDeviceToken, ko da tokin ɗin lafiyarsa ƙalau. Amsa 413 tana nufin saƙo ya yi nauyi, 429 kuma tana nufin an yawaita aikawa ga waya ɗaya.

A ɓangaren Google, amsoshin suna da nasu sunayen. SENDER_ID_MISMATCH na nufin tokin ɗin na wani aikin Firebase ne daban da wanda ke aikawa, abin da kan faru idan kamfani yana da aikin gwaji da na gaske ya cakuɗa su. INVALID_ARGUMENT na nufin akwai gyara a tsarin saƙon ko a tokin. QUOTA_EXCEEDED na nufin an wuce iyaka. Ga waya ɗaya ta Android, iyakar ita ce saƙo 240 a minti da 5,000 a awa. THIRD_PARTY_AUTH_ERROR kan fito ne idan ana aika wa iPhone ta FCM alhali mabuɗin Apple da aka ɗora a Firebase ba daidai ba ne. UNAVAILABLE da INTERNAL matsala ce ta wucin gadi daga Google, maganinta a sake gwadawa ana ninka lokacin jira a kowane karo, ba a yi ta bugun ƙofa ba ƙaƙƙautawa.

Wani dalilin ɗaukewar sanarwa baki ɗaya shi ne rufe tsofaffin hanyoyi. Apple ya daina karɓar saƙo ta tsohuwar hanyarsa a ƙarshen Maris na 2021. Google ya rufe GCM a 2019, ya kuma rufe tsohuwar hanyar aikawa ta FCM a 2024. Manhajar da aka gina aka bar ta ba kulawa tana iya wayar gari sanarwarta ta mutu saboda wannan kaɗai.

Tsakanin saba da waya

Idan an karɓi saƙo amma wayar ba ta kan intanet, ana ajiye mata shi na wani lokaci. FCM na ajiyewa har mako huɗu, sai dai idan mai aikawa ya gajarta wa'adin. Yana iya tara saƙo 100 ga manhaja ɗaya a waya ɗaya. Idan aka haura haka sai ya zubar da su duka, ya bar wa manhajar alama cewa ta je sabarta ta ɗauko abin da ya wuce ta. APNs ya fi tsauri: sanarwa ɗaya yake ajiye wa kowace manhaja, sabuwa ta ture tsohuwa. Wannan ne ke bayyana abin da mutane da yawa ke gani a wuraren da ake kashe data domin tattali: an aiko sanarwa biyar da rana, an kunna data da dare, ɗaya ce ta fito a iPhone.

Wa'adin da mai aikawa ya sa yana da nasa tasirin. Sanarwar kira ko ta lambar sirri ta wucin gadi ba ta da amfani bayan 'yan mintuna, don haka ana sa mata gajeren wa'adi. Amma idan aka sa sifili ga saƙon da ya kamata ya jira, duk wayar da ba ta da sabis a wannan daƙiƙa ta rasa shi ke nan.

Layin da waya ke riƙewa yana bi ta wasu ƙofofi masu lamba. IPhone na amfani da 5223, idan an toshe ta koma 443. Android na amfani da 5228 zuwa 5230, da kuma 443. Wayafai na ofis, makaranta ko otal mai katangar tsaro yana iya toshe waɗannan ƙofofi, ko kuma ya riƙa yanke duk layin da ya yi shiru na 'yan mintuna. Waya ba ta gane an yanke layin nan take, sai lokacin da ta aika ɗan saƙon tabbatarwa ba ta ji amsa ba. A tsakanin nan sanarwa na taruwa, sai su zubo gaba ɗaya daga baya. Shi ya sa Google ke ba masu kula da irin waɗannan hanyoyin sadarwa shawarar kada su yanke layi kafin minti 30. Gwajin wannan matsala ba shi da wuya: a kashe wayafai a koma data. Idan sanarwa ta iso nan take, laifin na hanyar sadarwar ne. VPN da agogon waya da ya kauce sosai su ma suna hana layin haɗuwa.

Akwai wayoyin da FCM ba ya isa gare su ko kaɗan. Wayoyin Huawei da suka fito bayan takunkumin da Amurka ta sa wa kamfanin a 2019 ba su da hidimomin Google, sai an bi ta tsarin Huawei mai suna Push Kit. Haka ma wayoyin da aka ƙera domin kasuwar cikin gida ta Sin.

Abin da wayar kanta ke yi

Saƙo yana iya isa waya lafiya amma bai fito ba. Dalili na farko shi ne izini. IPhone tun farko yana tambayar mai waya kafin ya bar manhaja ta nuna sanarwa, kuma sau ɗaya tambayar ke fitowa; wanda ya ƙi, sai dai ya shiga saiti da kansa ya buɗe. Android ya daɗe yana barin ƙofa a buɗe, sai a Android 13, wanda ya fito a 2022, ya mayar da abin sai da izini. Abin lura shi ne ƙin ba da izini ba ya kashe tokin. Saba za ta ci gaba da samun lamba 200, saƙo ya isa, wayar ta haɗiye shi. Hanyar sanin gaskiya ita ce manhaja ta riƙa duba halin izininta duk lokacin da aka buɗe ta, ta sanar da sabarta.

Tun daga Android 8 a 2017, sanarwa ta kasu rukuni-rukuni. Manhajar banki, alal misali, tana iya ware rukunin shigar kuɗi daban da na talla. Mai waya na iya rufe ɗaya ya bar ɗaya, ko ya cire wa wani ƙara. Da zarar an ƙirƙiri rukuni, manhaja ba ta da ikon ɗaga matsayinsa, mai waya ne kaɗai ke da shi. Manhajar da ta yi ƙoƙarin nuna sanarwa da kanta ba tare da ta ambaci rukuni ba, sanarwar ba ta fitowa.

Sai maganar batir. Android 6 ya kawo tsarin Doze a 2015: idan waya ta daɗe a ajiye, fuskarta a kashe, ba ta kan caji, sai ta shiga barci, tana farkawa jifa-jifa ta karɓi saƙonni, kuma tazarar farkawar tana ƙaruwa da tsawon barcin. Saƙo mai matsayin yau da kullum yana jiran farkawa. Mai matsayin gaggawa ne kaɗai ke iya tada wayar. Amma Google na lura: manhajar da ake yawan aika wa saƙon gaggawa ba tare da ya zama sanarwar da mutum ke gani ba, ana iya rage wa saƙonninta matsayi. Android 9 ya ƙara da jera manhajoji gwargwadon yawan amfani da su, a takura wa waɗanda ba a cika buɗewa ba. Android 12 kuma yana sa manhajar da aka yi watanni ba a taɓa ba dogon barci, inda ba ta samun sanarwa sai an sake buɗe ta.

A kan wannan, masu ƙera waya suna ɗora nasu matakan. Samsung yana da jerin manhajoji masu barci da masu barci mai nauyi. Xiaomi yana buƙatar a ba manhaja izinin tashi da kanta. Tecno, Infinix da itel, waɗanda kamfanin Transsion na birnin Shenzhen ke ƙerawa kuma suka cika kasuwannin waya daga Kano zuwa Maraɗi, suna zuwa da nasu kayan kula da batir da tsaftace waya. A wasu wayoyi, share manhaja daga jerin waɗanda aka buɗe kwanan nan daidai yake da tsayar da ita da ƙarfi, kuma a Android manhajar da aka tsayar da ƙarfi ba ta karɓar saƙon FCM har sai an buɗe ta da hannu. A inda wutar lantarki ba ta da tabbas, mutane da yawa suna barin yanayin tattalin batir a kunne kullum, suna kuma yawan danna maɓallin tsaftacewa. Wannan ya sa manhajar da ta yi aiki sumul a wayar gwaji a ofis take ba da matsala a hannun jama'a. Magani a wajen mai waya shi ne ya cire manhajar daga takurar batir, ya ba ta izinin tashi da kanta da na amfani da data a bayan fage. A wajen mai gini kuwa, dole gwaji ya haɗa da irin wayoyin da masu amfani ke riƙe da su a zahiri.

IPhone na da nasa matakan. Tun iOS 15 a 2021 akwai yanayin Focus, da ke riƙe sanarwa sai ta waɗanda aka ware, da kuma taƙaitawa, inda ake tara sanarwa marasa gaggawa a nuna su a lokacin da mai waya ya zaɓa. A duka biyun saƙo ya iso, ba a dai bar shi ya yi ƙara ba.

Darasin wannan ga ɗan kasuwa a fili yake. Rashin ganin alat a manhajar banki ba hujja ba ce cewa kuɗi bai shigo ba, ganinsa a wayar mai saye kuma ba hujja ba ce cewa ya shigo. Abin dogaro shi ne a buɗe manhajar a duba tarihin asusu, domin wannan daga sabar banki yake zuwa kai tsaye.

Abin da manhajar ke yi

FCM na da saƙo iri biyu, kuma rashin bambanta su na jawo ƙorafin da aka fi ji: sanarwa tana fitowa idan manhaja tana rufe, ba ta fitowa idan tana buɗe, ko akasin haka. Iri na farko saƙon nunawa ne, mai take da jiki. Idan manhaja tana bayan fage, tsarin waya ne ke nuna shi da kansa. Idan tana buɗe a gaban mutum, sai a miƙa mata, in ba a rubuta mata abin da za ta yi da shi ba ya wuce shiru. Iri na biyu saƙon bayanai ne zalla, wanda kullum manhaja ce ke karɓa ta yanke shawarar abin da za ta nuna. Wannan ya fi ba da 'yanci, amma ya fi rauni, domin idan an takura wa manhajar ba abin da zai fito. A iPhone ma, sanarwar da ta iso manhaja tana buɗe ba ta fitowa sai manhajar ta nemi a nuna ta.

Tsarin bincike

Tambayar farko ita ce: su wa abin ya shafa? Idan kowa ne, a duba saba, satifiket da mabuɗi. Idan masu iPhone ne kaɗai ko masu Android kaɗai, a duba saitin wannan ɓangare. Idan masu waya iri ɗaya ne, zargi ya koma kan takurar batir. Idan waɗanda suka sabunta manhaja ne, sabon ginin ne ya zo da matsala. Idan mutum ɗaya ne, tokin ɗinsa, izininsa da hanyar intanet ɗinsa ne abin dubawa.

Daga nan sai a raba hanyar gida biyu. A ɗauki tokin na wayar da ke da matsala, a aika mata saƙon gwaji daga shafin Firebase, ko daga shafin gwajin sanarwa da Apple ya buɗe a 2023, ba tare da an bi ta sabar kamfani ba. Idan ya iso, matsalar tana saba: wataƙila tsohon tokin take riƙe da shi, ko tsarin saƙonta ne ba daidai ba. Idan bai iso ba, matsalar tana waya ko hanya. A wayoyin Android da yawa, danna *#*#426#*#* a wurin buga lamba yana buɗe shafin da ke nuna ko wayar tana haɗe da FCM da kuma saƙonnin da suka shigo. Mai gini yana iya tilasta wa wayar gwaji shiga Doze ta hanyar adb, wato kayan aikin ba wa waya umarni daga kwamfuta, domin ya ga halin manhajarsa a cikin barci. Kamfanin da ke son sanin adadin isarwa na haƙiƙa kuwa, sai ya sa manhajar ta riƙa mayar da shaida idan saƙo ya iso, da wata shaidar idan an buɗe shi. Da haka za a samu lambobi uku, na aikawa, na isa da na buɗewa, kuma giɓin da ke tsakaninsu ne ke nuna inda ake asara.

Gane cewa an goge manhaja

Manhaja ba ta iya yin sallama. Android yana shelanta wa sauran manhajoji cewa an cire wata, amma ba ya sanar da wadda ake cirewa. iOS ma ba ya ba ta damar cewa komai. Saboda haka kamfani ba ya samun rahoton gogewa daga manhajarsa, sai dai ya gano ta wata alama, kuma babbar alamar ita ce mutuwar tokin.

A Android abin yana tafiya mataki-mataki. Mutum ya goge manhaja, FCM bai sani ba tukuna. Saba ta aika saƙo, aka karɓa da lamba 200. Saƙon ya isa waya, hidimomin Google da ke cikinta suka tarar babu manhajar, suka sanar da FCM, aka soke tokin. Sai a aikawa ta gaba saba ke samun amsa 404 mai sunan UNREGISTERED. Ke nan saƙon farko bayan gogewa yana iya fitowa kamar ya yi nasara, kuma idan wayar a kashe take ko ba ta da data, labarin ba zai dawo ba sai ta hau intanet. A APNs amsar ita ce 410 da dalilin Unregistered, tare da lokacin da Apple ya tabbatar tokin ya daina aiki. Sai dai Apple ba ya gaggawar ba da wannan amsa. Yana iya ci gaba da cewa an karɓa har tsawon kwanaki, kuma bai tsara ta domin bin diddigin gogewa ba, ya tsara ta ne domin saba ta daina aika saƙon banza.

Domin kada a dami mutane da sanarwa saboda gwaji kawai, kamfanonin da ke sayar da hidimar gano gogewa suna amfani da sanarwar ɓoye, wadda ba ta fitowa a fuskar waya kuma ba ta ƙara. Sukan aika ta ga dukan tokin da ke hannunsu, galibi sau ɗaya a rana, su ƙirga waɗanda suka dawo a mace. A iPhone irin wannan saƙo yana da ƙaramin matsayi, Apple na ba da shawarar kada ya wuce biyu ko uku a awa, kuma ba a tada manhajar da mai waya ya rufe da hannunsa.

Iyakar wannan ƙidaya

Mataccen tokin ba kullum yake nufin an rasa mai amfani ba. Wanda ya share bayanan manhaja, ko ya goge ya sake saukewa, ko ya sauya waya, tsohon tokin ɗinsa ya mutu alhali yana nan da sabo. Manhaja na iya soke tokin da kanta idan mutum ya fita daga asusunsa. FCM yana kashe tokin na Android da ya yi kwana 270 wayarsa ba ta haɗu da shi ba. A ɗaya gefen, wayar da aka sace, ko ta lalace, ko aka jefa a durowa, tokin ɗinta yana nan kamar mai rai tsawon watanni. A inda wayoyi ba su da wurin ajiya mai yawa, mutane kan goge manhaja su sauke ta kuma idan buƙata ta taso, kuma kowane zagaye yana shiga lissafi a matsayin gogewa. Don haka kafin a ce mutum ya tafi, sai an duba ko asusunsa ya yi rajistar sabon tokin. Ranar da aka gano gogewa kuma ba ita ce ranar da aka goge ba, musamman a iPhone, saboda haka danganta ta da wata talla ko wani sabon gini na buƙatar taka-tsantsan.

Akwai hanyoyin da ba su dogara da sanarwar ɓoye ba. Google Analytics na Firebase yana rubuta gogewa da kansa a Android da sunan app_remove, amma ba ya yin haka a iPhone. Play Console na Google yana nuna jimillar waɗanda suka cire manhaja. App Store Connect na Apple shi ma yana nuna adadin gogewa, sai dai daga waɗanda suka yarda a raba bayanansu kaɗai. Waɗannan jimilla ce ba sunaye ba, kuma ita ce ta fi dacewa da tambayar da ta fi amfani: shin sabon ginin da aka fitar ya kori mutane, ko yawan sanarwar talla ne ya gundure su?

Sirri, doka da tsaftar rumbu

A Oktoba na 2018 Bloomberg ta ruwaito cewa kamfanoni irin su Adjust, AppsFlyer, CleverTap, Localytics da MoEngage suna ba abokan cinikinsu hanyar gano wanda ya goge manhaja, abin da ke ba da damar bin sa da talla a wasu wurare. Masu suka sun ce yin amfani da sanarwar ɓoye domin talla ya saɓa wa ƙa'idojin Apple da Google. Tun iOS 14.5 a 2021, bin mutum daga manhaja zuwa manhaja a iPhone sai da izininsa. A Tarayyar Turai dokar GDPR ta fara aiki a 2018, a Najeriya kuma an sa hannu kan Dokar Kare Bayanai a Yuni na 2023, wadda ta kafa hukumar kare bayanai ta ƙasa, ta kuma ba mutum 'yancin ƙin a yi amfani da bayanansa wajen tallata masa kaya. Tokin da aka haɗa da asusun mutum bayanin mutum ne. A Disamba na 2023 Sanata Ron Wyden na Amurka ya bayyana cewa gwamnatoci na neman bayanan sanarwa daga Apple da Google, abin da ya ƙara nuna hikimar kada a sa sirri a cikin saƙon sanarwa, a bar manhaja ta ɗauko shi daga sabarta.

Amfanin da ba a jayayya a kansa shi ne tsaftace rumbun tokin. Ana adana kowane tokin tare da ranar da aka gan shi na ƙarshe, manhaja ta riƙa sabunta wannan rana aƙalla sau ɗaya a wata, kamar yadda Google ke ba da shawara. Tokin da ya dawo da UNREGISTERED a share shi. Wanda ya dawo da 410, a gwada lokacin da Apple ya bayar da ranar rajistarsa ta ƙarshe: idan rajistar ta zo daga baya, a bar shi. Wanda ya dawo da INVALID_ARGUMENT kuwa kada a share shi sai an tabbatar tsarin saƙon daidai ne, domin kuskure ɗaya a rubutun saƙo yana iya sa saba ta share tokin masu rai da yawa a lokaci guda. Rumbun da ake kula da shi haka yana rage aikawar banza, kuma yana sa alƙaluman isarwa da na buɗewa su zama abin da za a iya yanke shawara a kansu.